Surukata ta ce ni nake sace mata kuɗi, kuma kullum sai ta tambayi mijinta da ya rasu

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku ne suka shigo min kan magana ɗaya cikin watan nan, wato gigin tsufa, shi ya sa na ce bari in haɗa su waje guda duk da na san shafin zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

TAMBAYA TA FARKO

Anti barka da ƙoƙari. Dan Allah ki ba ni shawara dan wallahi na kusa kaiwa bango. Shekarata 11 da aure, uwar mijina tana wajenmu tun rasuwar Baba shekara shida kenan, kuma tsakani da Allah da can ko kallon banza ba ta taɓa min ba, mace ce mai kawaici, ko sunan mijina ba ta kamawa saboda ɗan fari ne. Toh wajen shekara biyu kenan ta canza gaba ɗaya. Sai ta ƙulle kuɗi a bakin zani ko ta tura ƙasan katifa ta manta sai ta ce ni na ɗauka, har a gaban baƙi take faɗa. Yanzu za ta gama cin abinci anjima ta ce tun safe ba wanda ya ba ta ko ruwa, har ƙannen mijina sun fara min wani irin kallo. Abin da ya fi damuna kullum sai ta ce Malam bai dawo daga kasuwa ba ne? In na ce Hajiya ai Baba ya rasu sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi mutuwar. Da goshin magariba kuma ta ɗaure kayanta a ɗankwali wai gida za ta, gidan da tuni aka raba gado aka sayar. Wasu sun ce tsufa ne kawai, facalata ta ce makirci ne so take ta raba ni da ɗanta. Ya zan yi?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

AMSA

'Yar'uwata sannu, sannu da gaske. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da zan fara ce miki shi ne ki cire maganar facalarki daga ranki. Matar da ta yi shekara tara tana miki kawaici ba za ta wayi gari ta koyi makirci da tsufanta ba. Duk abin da kika lissafo, mantuwar abin da ya faru yanzu-yanzu, zargin sata, neman wanda ya rasu, rikicewa da yamma, alamomi ne da aka sani na larurar da likitoci ke kira dimenshiya, mu kuma muke cewa gigin tsufa ko cutar mantuwa. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa kamar yadda ciwon suga yake ciwo a jiki, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ne suke lalacewa a hankali. Kuma ba kowane tsoho yake yi ba, ai kin san tsofaffi 'yan shekara casa'in da za su lissafo miki jikokinsu da ranar sunan kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke da wannan larura a duniya, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu, duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira da sunan wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya yi bayaninsa a 1906 bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ya yi jinya, kuma abin lura ita ma matar daga cikin abin da aka fara gani a tare da ita har da zargin mutanen gidanta.

Bari in kwatanta miki yadda abin yake a kanta. Abin da ya faru yau kamar rubutu ne a jiƙaƙƙen allo, ana yi yana zubewa. Abin da ya faru tana budurwa ko tana amarya kuwa kamar zanen ƙwarya ne, ya zauna daram. Dan haka tuwon da ta ci ɗazu bai zauna ba, rasuwar Baba ta shekara shida ma ta goge, amma lokacin da Malam yake dawowa daga kasuwa da yamma tana shimfiɗa masa tabarma, wannan yana nan sabo fil. A cikin wancan zamanin take zaune yanzu. In kika ce mata ya rasu, a wajenta yanzu ta fara jin labarin, kinga kullum sabon zaman makoki kike buɗe mata ba da niyya ba, gobe kuma ta manta ki sake.

Na san abin da za ki ce, toh Anti ƙarya zan yi mata? A'a, ba sai kin yi ƙarya ba. Kakata ta wajen uwa ta yi wannan ciwon shekara kusan biyar a ɗakin mahaifiyata, ita uwarta take nema, matar da ta rasu tun kafin a haife ni. Da farko mu ma gaya mata muke yi tana kuka, har ranar da na ga Umma ta zauna kusa da ita a bakin gado ta kama hannunta ta ce, Inna kewarta kike ji ko? Wai wace miya ta fi iyawa ne? Wallahi sai fuskar tsohuwar nan ta washe, ta shiga ba mu labarin miyar kuka da daddawar da uwarta take yi da kanta, da yadda take aikenta rijiya da tulu, ta yi ta zuba har aka kira isha'i ba ta ƙara cewa a kai ta ba. Umma ba ta ce tana raye ba, ba ta ce ta mutu ba. Abin da ke ƙarƙashin tambayar ta amsa, kewa ce da neman wanda za a jingina da shi. Ke ma in Hajiya ta tambayi Malam ki ce, Hajiya Baba kike tunawa? Me yake riƙo miki in zai dawo? Ki bar ta ta yi ta faɗa. In ranar ta tsare ki da ido ta ce gaya min gaskiya ya mutu ne, toh ki faɗa mata a tausashe, ki zauna da ita ku yi masa addu'a, kar ki faɗa ki tashi.

Maganar sata kuma, ki gane cewa ita ba ta tuna ta ɓoye ba, abin da ta sani kawai kuɗinta suna nan yanzu babu, kuma wa ke shiga ɗakin kullum? Ke. Shi ya sa kusan ko da yaushe wanda ya fi wahala da mai ciwon shi yake shan zargi, wanda ke zuwa ran Juma'a da ledar lemo shi ne ɗan albarka. Abin da ciwo, ban ce babu ba. Amma rantsuwa da kawo hujja ba sa aiki a nan, ƙara tunzura ta suke. Ki ce, subhanallahi sun ɓata? Tashi mu duba tare. Ki san maɓoyanta, yawanci ba sa wuce uku ko huɗu, ƙasan filo, cikin kwalla, bakin zani, aljihun jakar Makka, in kin gano ki bari ita ta ɗauko da hannunta. A bar mata 'yan canji a ƙaramar jaka dan ta ji tana da abin hannunta, manyan kuɗi da sarƙa da takardun gida kuma ɗanta ya adana da sanin 'yan'uwansa. Kuma ki riƙa leƙa kwandon shara kafin a zubar.

Nan kuma dole mijinki ya shigo, dan wannan ba yaƙinki ba ne ke kaɗai. Shi zai tara ƙannensa ya ce musu Hajiya ba ta da lafiya ga abin da likita ya ce, duk wanda yake shakka ya zo ya kwana biyu da ita ya gani. Wanda ya ga ta cinye kwano a gabansa bayan minti goma ta ce ba a ba ta ba, ba zai ƙara kallonki a karkace ba. In ta ce ba ta ci ba kar ki ce haba Hajiya yanzu fa kika ci, ki ce toh ga wannan ki fara taɓawa, ki miƙa mata ayaba ko ɗan kunu. Gara a raba abincin kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, in tana da suga kuma a tambayi likita abin da ya dace.

Rikicin magariba sananne ne sosai a wannan ciwon. Gajiyar yini ta taru, haske ya ragu, inuwa ta fara zama kamar mutane, gida ya cika da hayaniyar yara da ƙarar talabijin, ga shi a jikinta ta saba wannan ne lokacin da mace take komawa ɗakinta ta ɗora tukunya. Gidan da take nema ba ginin ba ne, wurin da ta san kanta take nema. Ki kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, ki rage ƙarar komai, ki hana ta dogon barcin rana da goro ko shayi bayan la'asar, ki ba hannunta aiki, tsintar wake a faifai, gyaran zogale, ɓarar gyaɗa, ninke kayan yara, ko da za ki sake gyarawa daga baya ba ta gani ba. Kakata da faifan wake muke samun lafiyarta, hannun ya tuna abin da kai ya manta. In ta riga ta ɗaure kaya kar ki tare ƙofa ki fizge, ki ce toh bari a yi salla tukun, ko ki raka ta har soro ku ɗan tsaya ku dawo ki ce ga shimfiɗarki nan Hajiya.

Sai yadda ake mata magana. Ki zo mata ta gaba, ki yi sallama, ki durƙusa ko ki zauna idonku ya daidaita, ki faɗi ko ke wace ce ba tare da kin jira ta tambaya ba. Magana ɗaya a lokaci ɗaya, ki jira amsa ko da za ta ɗau lokaci. Maimakon me za ki ci, ki ce koko ko shayi, ki nuna mata kofin. Kuma dan girman Allah ki hana masu zuwa gaisuwa wannan jarrabawar ta Hajiya kin gane ni? Wane ne ni? Faɗi sunana mana! Kunya suke sa ta da tsoro, ta yi ta murmushin yaƙe tana lalube. Su ce Hajiya ni ce wance 'yar wane, na zo gaishe ki, shikenan. Kar kuma a zauna a kanta ana ai ta rikice ai ba ta san inda kanta yake ba, ko ta kasa riƙe kalmomin tana jin sautin, kuma ɓacin ran yana daɗewa a jikinta bayan ta manta dalilinsa. In wata rana kika ji ta kama sunan ɗan farinta gatsau ko ta yi ashar, kar ki yi mamaki, ciwon yana taɓa wurin da ke riƙe kunya.

Ku kai ta asibiti, wannan kam ba fashi. Akwai abubuwan da ke kama da gigin tsufa kuma ana warkewa, ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, rashin ji sosai, ko magungunan da suka yi mata yawa. Ku da kuke Zariya ga asibitin koyarwa na Shika, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna. Ku tafi da duk magungunan da take sha a leda har da na gargajiya. Maganin warkewa gaba ɗaya babu shi har yanzu, amma akwai irin su donepezil da memantine da kan ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, likita ne kaɗai zai rubuta. Kuma ki riƙe wannan: duk ranar da kika ga ta rikice fiye da kullum cikin kwana ɗaya ko biyu, ko barci ya yi mata yawa, kar ki ce ciwon ne ya ƙaru, sau da yawa ciwon fitsari ne ko zazzaɓi ko rashin ruwa a jiki ko bayan gida ya ɗaure, a kai ta a ranar.

TAMBAYA TA BIYU

Hajiya ina gaisuwa. Mahaifinmu tsohon malamin makaranta ne, shekararsa 74, yana da hawan jini kuma shekara uku da suka wuce ya samu ɗan shanyewar ɓarin jiki ya warware. Yanzu sai ya fice daga gida ba wanda ya sani, sau biyu ana tsinto shi a tasha, sau ɗaya a tsohuwar makarantar da ya koyar. Mutane sun ce kurciya aka yi masa, mun kashe kuɗi sosai wajen masu magani ba canji. Yayanmu ya ce a riƙa kulle shi a ɗaki. Ni dai raina bai kwanta ba.

Daga wani ɗan'uwa a Katsina

AMSA

Malam, ranka ya yi daidai da bai kwanta ba. Ka lura da inda aka same shi, makarantar da ya koyar. Mutumin da ya yi shekara talatin yana fita ƙarfe bakwai da alli a aljihu, aiki ya tafi. Tarihin da ka bayar na hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ya yi kama da nau'in da ke zuwa in jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sun toshe ko sun fashe, shi ne na biyu wajen yawa, kuma yakan sauko kamar matakala, a zauna daidai wata da watanni sai a wayi gari an ƙara sauka. Abin da za ku iya yi a kai babba ne, dan in aka riƙe hawan jinin da kyau ana rage sake faruwar wani bugun. Kuɗin da ke tafiya wajen karya kurciya a sayi na'urar awon jini da maganinsa na wata-wata, a rage masa gishiri da dunƙulen magi, a kai shi likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi. Addu'a da tofi kuwa ku ci gaba da yi masa da bakinku, ba sa hana asibiti.

Kulle shi a ɗaki ko ɗaure shi ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ka ɗauka kai ne ka farka ka ga ƙofa a garƙame ba ka san wanda ya rufe ba ba ka san laifinka ba, ai sai ka yi ta duka har ka ji ciwo. Haka ma maganin barci daga kemis, yana ƙara rikita tsoho ya sa shi faɗuwa, karayar ƙugu kuma a wannan shekarun ba wasa ba ce. Ku ba shi fitar da yake nema amma da rakiya, jika ya riƙa kai shi masallaci da majalisar tsofaffin abokansa, da safe a zaga unguwa, in jiki ya motsa ƙafa takan lafa. Ku ba shi littafin yara ya duba musu aikin gida da jan biro, ku kira shi Malam kamar yadda ya saba. A rataya 'yar ƙararrawa a ƙofar gida, sakatar kuma a mayar da ita can sama inda ido ba ya kaiwa, da dare kawai kuma da mutum a ciki. A rubuta sunansa da unguwa da lambar waya biyu a ɗinke a cikin rigunansa, dan takardar aljihu yana iya yarwa. Ku ɗauki hotonsa na yanzu a waya. Sannan ku daina ɓoyewa, ku gaya wa mai unguwa da liman da mai shago da mai shayi da 'yan acaɓan bakin layi, duk wanda ya gan shi shi kaɗai ya ce Malam zo mu je gida ana nemanka. In ya ɓata kar a jira gari ya waye, a fara da wuraren da ya saba a da, a kai cigiya gidan rediyo da ofishin 'yan sanda.

Wannan ɓoyewar tana ci min rai, musamman a kan tsofaffi mata. Tsohuwa ta fita cikin dare ba ta san inda take ba, a ganta a bakin wani gida ba mayafi tana sambatu, kafin ka ce kwabo an ce mayya ce an taru da duwatsu, in aka tambaye ta ke mayya ce ta ce eh dan ba ta ma fahimci tambayar ba. Dan Allah duk wanda ya tsinci irin wannan ya fara ba ta ruwa ya lulluɓe ta.

TAMBAYA TA UKU

Anti ni ce auta kuma ni kaɗai nake jinyar Mamarmu. Takan yi azahar sau uku ko ta yi raka'a bakwai, azumi kuma ta ɗauka ta manta ta sha ruwa. Akwai zunubi a kanta? Sannan wani lokacin ina mata tsawa in koma ɗaki in yi ta kuka. Kuma ni ma zan gada ne?

Daga wata ƙanwarku a Maraɗi

AMSA

Ƙanwata, malamai sun yi bayani cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, kuma Alƙur'ani da kansa ya ambaci wannan matakin na rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70, wanda ake mayar da shi mafi ƙasƙancin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Maganar ciyarwa a madadin azumi ki tambayi malamin da kika yarda da shi, dan hukuncin ya danganta da yadda hankalin nata yake. Ke dai kar ki gyara mata raka'a, kar ki ce ai kin yi. Ki shimfiɗa darduma kusa da tata ki yi taki a bayyane ta bi ki, ki bar carbi a hannunta, ki kunna mata karatun da ta saba ji, za ki sha mamaki wadda ta manta sunanki ta ja Fatiha ba gargada. Azumi kuwa da zafin Maraɗi, in ta sha ruwa ki ƙara mata wani.

Tsawar da kike yi gajiya ce, kuma jikinki ne yake gaya miki aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In kin ji abin ya taso ki tabbatar ba abin da zai ji mata ciwo ki fita tsakar gida ki sha ruwa ki yi minti biyar, in kin dawo ki dafa kafaɗarta. Kuma ki kira yayyenki ki faɗa musu da baki, kar ki jira su gane da kansu. Kar ki ce ku taimaka min, ki ce Yaya ranar Asabar da Lahadi naki ne, Yaya kai kuma pampas da magani na wata a wuyanka. Ko yini ɗaya a mako kika samu ki fita ki je gidan ƙawa ki yi barci.

Gado kuma, yawancin masu wannan ciwon ba gadonsa kai tsaye suka yi ba, nau'in da ke bin jini sosai kaɗan ne kuma yakan fara da wuri, kafin shekara 65. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon ana iya kauce masa ko jinkirta shi in aka kula da abubuwa 14, daga ciki akwai hawan jini, suga, ƙiba, shan taba, rashin motsa jiki, rashin ji da rashin gani da ba a yi maganinsu ba, da zaman kaɗaici. Dan haka ranar da za ki kai Mama awo, ke ma ki miƙa hannunki a gwada jininki, ki ce a duba kunnenta da idonta a ranar.